Hed Ya Toshe: A Wanke a Gida Ko a Kai Birni?

Duk mai riƙe da firintar tawada a garuruwan arewacin Kano, daga Bichi zuwa Tsanyawa, daga Minjibir zuwa Ɗambatta da Makoɗa, ya san irin safiyar da takarda ke fitowa da zane-zanen fari a tsakiyar rubutu, ko fasfon mutum ya fito kore shar saboda jar tawada ta ɗauke. Masu sana'ar ba sa dogon turanci, cewa kawai suke hed ya toshe. Abin da za a yi bayan nan ne ya raba su gida biyu. Akwai masu cewa ka zage damtse ka wanke abinka, ba wani sihiri a ciki. Akwai kuma masu cewa ko da wasa kada ka sa hannu, ka nannaɗe ta a zani ka kai wa mai gyara a birni. Kowane ɓangare kuwa yana da gawar firinta a ƙarƙashin tebur da zai nuna maka a matsayin hujja.

Wani zai ce ina ruwan ƙauye da firinta. Wanda ya faɗi haka ya daɗe bai leƙo ba. Wannan yanki ne da mutane suka yi wa cikar kwari, gona na jingine da gona, gari na hango gari. Tun a 1965 wani masani, Michael Mortimore, ya yi rubutu a kan yadda ake noma kewayen Kano shekara bayan shekara ba tare da an bar ƙasa ta huta ba, saboda yawan jama'a. Inda mutane suka yi yawa kuwa takarda ba ta yankewa. Tun da JAMB ta koma jarrabawar kwamfuta gaba ɗaya a 2015, kowane ɗalibi sai ya fitar da silif. Daga 2021 aka ce ba rajista sai da lambar NIN, ita ma a takarda ake son ganinta. Ga sakamakon WAEC da NECO, ga furojet ɗin ɗaliban Kwalejin Noma ta Audu Bako da ke Ɗambatta da na Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi, ga takardar cinikin gona, ga katin ɗaurin aure da ke zuwa jibgi da zarar an kai amfani gida. Saurayi ɗaya mai kwamfuta da firinta a bakin kasuwa ko jikin masallacin Juma'a shi ke ɗauke wa unguwanni da yawa wahalar shiga mota.

Kuma mafi yawansu firintar tawada suke saya, ba ta leza mai gari ba. Dalilin wuta ne. Firintar leza sai ta gasa takarda kafin rubutu ya kama, tana jan ɗaruruwan wat, ƙaramar inbata ba ta ɗaukarta. Ita kuwa mai tanki, irin Epson L3110 da ta cika shaguna, wajen wat 12 take ci tana cikin aiki, ɗan fanel na sola da batir ɗaya sun ishe ta. Epson ya fara fitar da irin wannan mai tanki ne a Indonesiya a 2010, don ƙasashen da mutane suka gaji da tsadar katirij, kuma ta karɓu a nan saboda kwalbar tawada ɗaya tana buga dubban shafuka. Sai dai araha da sauƙin wuta sun zo da nasu lalurar, ita ce hed.

Hed ɗan abu ne da bai cika tafin hannu ba. A ƙasansa akwai 'yan ƙofofi da ido ba ya iya rarrabewa, kowace ta fi gashin kai siranta. A L3110, baƙar tawada tana da ƙofa 180, sauran launuka uku kowanne 59. Ɗigon da ke fita ta ciki yana iya ƙanƙanta har pikolita 3, wato kashi uku cikin tiriliyan na lita. Hanyar tunkuɗo ɗigon iri biyu ce. HP, da ya fitar da ThinkJet a 1984, da Canon da ya biyo baya a 1985, suna amfani da zafi: wata 'yar waya ta yi zafi ƙwarai cikin ƙiftawar ido, tawada ta yi kumfa, kumfar ta turo ɗigo. Epson kuwa tun 1993 ya bi wata hanya, wani ɗan faifai ne siriri da ke lanƙwasawa idan wuta ta taɓa shi, ya matso tawadar waje. Wannan bambanci zai dawo mana, domin rabin gardamar a kansa ta tsaya ko da masu yinta ba su lura ba.

Tawada galibinta ruwa ce, ruwa kuwa bushewa yake. Littafin da ke zuwa da firintar ya ce a yi aiki da ita inda danshin iska yake tsakanin kashi 20 zuwa 80 cikin ɗari, zafi kuma kada ya wuce digiri 35. A nan, da rana tsaka a watan Janairu da Fabrairu danshin kan faɗi ƙasa da kashi 20, a Afrilu kuma zafi ya haye 40 a inuwa, balle a cikin shagon kwano. Ga hazon hunturu da ke shiga ko'ina. Ga ƙaiƙayi lokacin sussukar gero da dawa, wanda ke sauka a kan takarda, takarda ta kai shi har ƙarƙashin hed. Maƙeran sun yi wa hed wurin kwana a gefen dama, wata 'yar roba da ke rufe bakinsa ruf idan an kashe firinta ta maɓallinta. To amma mu nawa ne ke kashewa ta maɓalli? Ana cikin bugu a ɗauke wuta, ko man janareta ya ƙare, hed ya tsaya a tsakiyar hanya baki buɗe har wayewar gari. Sannan ga babban dalilin da littafin bai san da shi ba: mai firintar manomi ne. Da ruwan shuka ya sauka zai rufe shago, ga noman fari ga maimai, wani sai ya yi makonni bai ɗaga murfinta ba. Ya dawo ya tarar tawada ta daskare.

Masu cewa a wanke a gida da lissafin hanya suke farawa, kuma lissafin nasu ba ƙarya. Masu gyaran da suka san hed suna cikin birni, wajen titin Beirut da Farm Centre da Sabon Gari. Daga Ɗambatta tafiyar ta haura kilomita 60. Mutumin da ke wani ƙauye can ciki sai ya hau babur zuwa bakin titi, ya shiga motar Kano, ya sauka ya nemi adaidaita sahu, firinta na kan cinya. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 kowane ɗaya daga cikin waɗannan hawa ya ninka. Kuma da wuya a gama a yini ɗaya. Za a ce ka bar ta a jiƙa, ka dawo jibi. Kuɗin mota sau biyu ke nan, ban da kuɗin aiki, ban da cinikin da ya wuce ka, wanda idan lokacin fitar da silif ɗin JAMB ne ko ranar Lahadi da kasuwar Ɗambatta ke ci, shi ne cinikin wata guda. Yaron da ya zo ya tarar da shago a rufe ba zai jira ba, zai wuce wurin wani, wataƙila kuma ba zai dawo ba.

Hujjarsu ta biyu ta fi cizo. Suna cewa me injiniyan yake yi wanda ya gagare mu? Wani mai shago da na zauna wurinsa a wani gari tsakanin Bichi da Ɓagwai ya ba ni labarin ranar da ya tsaya a kan mai gyara bai matsa ba. Ya ce yana kallo, mutumin ya ninke tishu, ya ɗiga masa wani ruwa daga wata kwalba marar suna, ya tura hed a kai, ya koma danna wayarsa. Bayan la'asar ya kunna, ya yi kilinin, wato wankin da na'urar ke yi wa kanta, sau biyu, ya miƙo hannu. "Na ce masa, Oga, wannan shi ne aikin? Ya ce Malam, ai ba tishun ka biya ba, sanin inda za a sa shi ka biya." Mai shagon ya yi dariya, ya ce tun daga ranar ya ga inda ake sawa. Masu wankin gida suna ƙarawa da cewa ɗaukar firinta mai tanki a bayan babur, a kan hanyar burji, shi kansa cuta ne. Tana karkacewa tawada ta zube, iska ta shiga bututu, ka tafi da matsala ɗaya ka isa da biyu. Akwai kuma zargin da ba a faɗa da ƙarfi: ka kai firinta da hed mai sauran rai, a ce maka ya mutu, a sa maka wani tsoho, naka ya koma firintar wani. Ban ce kowa na yi ba, amma tsoron yana nan, kuma wanda ya zo daga ƙauye ba shi da yadda zai tantance.

Wasu cikinsu har kamfanin suke haɗawa a zargin. Suna ganin duk gargaɗin kada ka buɗe, kada ka taɓa, dabara ce ta a sa ka sayi sabuwa. Ba su kaɗai ke wannan tunani ba. A Faransa, a 2017, wata ƙungiyar masu sayayya mai suna HOP ta kai ƙarar maƙeran firinta bisa zargin suna gajarta rayuwar kayansu da gangan, har masu gabatar da ƙara suka buɗe bincike a kan Epson. Idan Bafaranshe mai shagon kamfani a bayan gidansa yana ƙorafi, in ji su, ina ga mu?

Ɗaya ɓangaren ba ya musun ko ɗaya daga cikin lissafin nan. Abin da yake cewa shi ne an bar babban adadi a waje. Kuɗin mota da na aiki asara ce da aka san iyakarta. Hed ɗin Epson idan ya mutu, kuɗin sabo yakan kusa rabin kuɗin firintar ko ya wuce, kuma da dala ake shigo da shi. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 a Mayun 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda ya sayi firintarsa kafin wannan hawa, idan ya kashe ta yau, da wuya ya iya mayar da irinta. Garin neman gira a rasa ido, in ji su.

Kuma masu gyaran cikinsu suna da bayanin yadda ake kashewar, dalla-dalla, domin su ake kai wa gawar. Na farko sirinji. Mutum ya kalli bidiyo a YouTube, ya ga an kwance hed, an cusa ɗan tiyo a bakin da tawada ke shiga, an danna, ruwa ya fito ta ƙasa kamar yayyafi. Shi ma ya gwada. Ruwa ya ƙi wucewa, sai ya ƙara ƙarfi, tunda a tunaninsa toshiya da ƙarfi ake buɗe ta. A cikin hed ɗin kuwa bangon da ya raba ɗakin ja da na shuɗi siriri ne ainun, da gam aka manne shi. Babban yatsa ɗaya ya isa ya ɓalle shi. Daga nan launuka su cakuɗe har abada, ba mai gyaran da zai iya komai. Bidiyon da ya kalla kuwa na wanda ya dace ne. Wanda ya fasa nasa ba ya ɗora bidiyo.

Na biyu ruwan da ake wankewa da shi. Masu gyara suna cewa sun ga hed da aka jiƙa a fetur, da kananzir, da tina ta masu fenti, da sifirit, har da ruwan omo. Fetur da tina suna cin roba da gam. Sifirit yana busar da robobin da ke riƙe iska, wata tawadar kuma idan ta haɗu da shi dunƙulewa take maimakon ta narke. Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da gishirin ƙasa da ke bushewa ya zama sabuwar toshiya, na leda ma bai tsira ba, don an tace shi ne saboda ciki, ba a cire masa gishirin ba. Ruwan da ya dace shi ne tataccen da aka samo daga tururi, irin wanda ake ƙara wa batirin sola. A nan ma akwai rami: a wurin masu cajin batir, idan ka ce a ba ka ruwan batir ana iya miƙo maka mai asid, kuma ɗigonsa ɗaya ya gama da hed.

Na uku shi ne wanda ya fi ciwo, domin mutum ya yi komai daidai. Ya wanke a hankali, hed ya buɗe, sai ɗoki ya hana shi jira. Ɗan danshi ya rage a bakin faffaɗar wayar nan da ke shiga hed, ya mayar ya kunna. Ƙaramin ƙauri, shi ke nan. Hed ya ƙone, ya ja fis ko tiransistocin da ke kan bod, wato allon lantarkin firintar, suka bi shi. Wani ma sai ya sayo sabon hed ya ɗora a kan ƙonannen bod, sabon shi ma ya tafi.

Akwai hujja ɗaya ta wannan ɓangare da ba na ɗauka da nauyi, wato batun garanti. Wai idan ka buɗe ka zubar da haƙƙinka na a gyara maka kyauta. Firintocin da ke ƙauyukan nan da yawansu na hannu ne, waɗanda aka saya sababbi kuma an daɗe da cika su da tawadar kasuwa. Ba garantin da ya rage da za a zubar.

Amma akwai wadda nake ɗauka da nauyi ƙwarai, ita ce cewa ba duk abin da ake kira toshiya ne toshiya ba. Duk manomin rani a madatsar Watari ko ta Tomas ya san injin ban-ruwa na iya ruri lafiya lau amma ruwa ya ƙi hawa, ba don tiyo ya toshe ba, sai don iska ta shiga. Firinta mai tanki haka take. Idan tawada ta yi ƙasa a tanki, ko an karkata firintar, ko robar wurin kwanan hed ta cika da datti ta daina kamawa, iska na shiga layi, launi ya ɗauke. Wanda bai gane ba sai ya kwance lafiyayyen hed ya yi ta wanki. Takardar gwaji da ake kira nozul cek ita ke raba gardama, kuma karanta ta ba wuya. Ka buga, ka yi kilinin, ka sake bugawa, ka jera su biyun a tebur. Idan giɓin yana wuri ɗaya bai motsa ba, busasshiyar tawada ce. Idan ya bar nan ya koma can, iska ce ko tawada ba ta isowa. Idan launi guda ya ɓace gaba ɗaya dare ɗaya alhali jiya lafiya, da wuya bushewa ce. Idan kuma ja ya fito a layin rawaya, ko dai robar da ke share bakin hed ta ƙazantu, ko an riga an yi ɓarna a ciki.

To ina gaskiya take? A ganina ɓangarorin biyu suna kiran abubuwa daban-daban da suna ɗaya. Mai cewa na wanke a gida ta tashi, da mai cewa an wanke a gida ta mutu, sau da yawa ba aiki ɗaya suke nufi ba, ba kuma firinta iri ɗaya ba.

Ɗauki mai ƙaramar HP DeskJet da ke cin katirij mai lamba 123 ko makamancinsa. Hed ɗinta a jikin katirij yake, duk sanda ka sayi sabon katirij ka sayi sabon hed. Wannan mutum ya ɗauki firinta zuwa Kano saboda toshiya ɓata kuɗi ne tsagwaronsa. Ya cire katirij, ya dangwala bakinsa a kan tsumma mai tsabta marar gashi da aka jiƙa da tataccen ruwa mai ɗumi, ko ya tsayar da shi 'yan mintuna a murfin kwalba da ruwan bai wuce ya taɓa bakin ba, ya kiyaye kada ruwa ya hau jan ƙarfen da ke baya, ya bari ya bushe sarai. In ya tashi, madalla. In bai tashi ba, abin da ya rasa katirij ne da dama ya mutu. Abin da kawai zai kiyaye shi ne kada ya yi ta tilasta bugu da launin da ya ɗauke, domin irin wannan hed tawada ce ke sanyaya shi, in babu ita 'yan wayoyin ƙonewa suke. Canon mai tanki ma da sauƙi, hed ɗinta ana ɗaga marfi a cire da hannu. A nan masu wankin gida sun yi gaskiya ɗari bisa ɗari.

Epson ce ke buƙatar a ja layi, kuma ni a kan sukudireba nake jan nawa. Duk abin da za a yi ba tare da an kwance noti ba, aikin mai firinta ne, kuma rashin saninsa sakaci ne. Da farko kilinin na cikin na'urar. Kamfanin da kansa ya ce a yi gwaji da kilinin har sau 3, in bai gyaru ba a kashe ta a bar ta aƙalla awa 12 ba bugu, sannan a sake gwadawa. Wannan jiran shi ne mutane ba sa yi, alhali shi ne maganin: busasshiyar tawada na samun lokacin jiƙa, kumfar iska na kwantawa. A maimakon haka sai ka ga yaron shago ya yi kilinin goma a jere, kwastoma na tsaye a kansa. Kowane kilinin tawada yake zuƙa ya zubar a wani soso da ke cikin firintar, kuma na'urar tana ƙirgawa. Ranar da lissafin ya cika za ta tsaya cak, fitilu na ƙiftawa. Sai a kira mai risetin ya goge lissafin da kwamfuta, soson kuwa yana nan jiƙe, wata rana a ga tawada na bin ƙafar tebur. Idan jiran bai yi ba, akwai babban wanki da ake kira fawa kilinin, wanda ke sauya tawadar da ke cikin bututu gaba ɗaya. Shi sai kowane tanki ya kai aƙalla kashi ɗaya cikin uku, kuma ba a maimaita shi sai bayan awa 12.

Bayan wannan sai dabarar tishu, wadda ba ta cikin littafin kamfani amma ita ce sirrin rabin masu gyara. A kunna firinta, hed na barin wurin kwanansa a zare waya daga bango, don ya saku a iya tura shi da hannu. A ninke tsumma marar gashi ko tishu mai kauri ya yi faɗin yatsa biyu, a jiƙa shi da tataccen ruwa ko ruwan wankin hed da ake sayarwa a kwalba, danshi ba jagab ba. A shimfiɗa a kan hanyar hed, a turo shi a hankali ya hau, a bar shi ya kwana. Kafin nan a duba wurin kwanan nasa da fitilar waya. Sau da yawa za a tarar da bakin robar ya yi ɓawon tawada da ƙura, har da ƙaiƙayi. A goge da auduga mai danshi, a goge 'yar robar da ke share bakin hed, a ɗiga ruwan kaɗan a kan soson. Da safe a janye tishun, za a ga launuka huɗu sun zauna a jikinsa, a mayar da hed, a kunna, a yi kilinin ɗaya. Ba a taɓa wayar hed ba, ba a matsa komai ba. Mafi munin abin da zai faru shi ne bai yi ba.

Daga nan ne nake komawa bayan masu cewa a kai birni. Idan an yi wannan sau biyu giɓi bai ragu ba, ko launuka na cakuɗewa, ko firinta na bugawa takarda na fitowa fara fat, ko akwai ƙauri, to abin ya wuce tishu. Kwance hed, cire wayoyinsa, tura ruwa da sirinji, aiki ne na hannun da ya riga ya san nauyin da hed ke ɗauka, kuma ba a sanin wannan nauyi sai an fasa wasu. Gara a fasa na wani wurin koyo da a fasa wanda ake cin abinci da shi. Mai gyaran nan da ya ce sani aka biya bai faɗi ƙarya ba, kuskurensa shi ne ya karɓi kuɗin sani a kan aikin da bai buƙaci sanin ba.

In tafiyar ta kama, akwai abin da ke rage zargi da ɓarnar hanya. A kashe ta ta maɓalli hed ya koma makwancinsa, a toshe murafan tanki da kyau, a ɗauke ta a zaune yadda take a tebur, ba a kifa ba, ba a jingine ba, ko da ɗan acaɓa zai yi mita. A tafi da takardun gwajin da aka buga, a jere, don mai gyara ya ga tarihin ciwon. A ɗauki hoton hed ɗin da waya, a yi masa 'yar alama da jan farce a gefe. A kuma faɗi gaskiyar abin da aka zuba masa. Mutane kan ɓoye cewa sun gwada sifirit ko sun haɗa tawada iri biyu, mai gyara ya yi ta lalube. Haɗa tawadar ma babbar hanyar toshiya ce: mai narkewa a ruwa daban, mai ƙwayoyin launi daban, ta buga riga da kofi daban, kuma ba a zuba wata a kan wata don kawai launinsu ɗaya.

Abin da ke ba ni mamaki a duk wannan muhawara shi ne yadda ake kashe baki a kan wanki, a bar abin da ke hana toshiyar, wanda bai kai kuɗin ƙosai ba. Shafi ɗaya mai launuka huɗu duk bayan kwana biyu ko uku ya isa ya hana tawada daskarewa. Wanda zai tafi gona zai iya barin wa ƙaninsa wannan aiki, ko ya leƙo da magariba ya buga da kansa. Idan wuta ta ɗauke ana cikin bugu, a tayar da ita ko da na minti ɗaya ne hed ya koma wurinsa. A rufa wa firinta zani idan an tashi, a ajiye takarda a leda, a matsar da tebur daga bakin ƙofa lokacin hunturu.

Wuri ɗaya na yarda a ɗauki sirinji a gida. Idan firinta ta tsufa, mai gyara ya duba ya ce hed ya tafi, kuɗin sabo kuma babu, to ba sauran abin da za a rasa. A cire wuta, a ɗauki hoton yadda wayoyin suke kafin a zare su, a riƙa ja da sirinjin baya a hankali maimakon turawa, in an ji tauri a tsaya a sake jiƙawa, a kuma bar shi kwana biyu a inuwa ya bushe kafin a mayar. Wani ya tashi, da yawa ba sa tashi. Samarin da ke gyaran waya a Bichi da Ɗambatta, masu hannun da ya saba da ƙananan wayoyi da kwanon narka dalma, su ne ya kamata su riƙa karɓar irin waɗannan matattun firintoci suna koyo a kansu, don a samu wanda za a kai wa hed a hedikwatar ƙaramar hukuma ba sai an shiga Kano ba.